Yaƙi da Ƙwallo a Kan Tebur: Ziyarata Baje Kolin Essen

Wanda ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba U11 daga babbar tashar Essen da safiyar Alhamis, 3 ga Oktoba 2024, ba ya buƙatar tambayar hanyar baje kolin wasannin tebur, jama'a ce za ta kai shi. Dattawa masu furfura, samari da 'yan mata, iyaye da yaransu, kusan kowa yana jan akwatin tafiya mai taya, kuma daga yadda akwatunan ke tsalle a kan dakali ka san babu komai a cikinsu. Sai da yamma ake dawowa da su maƙil. Ranar ta dace da hutun tunawa da haɗewar Jamus, ga shi babu aiki babu makaranta, don haka a tsaye muka yi tafiyar, kafaɗa na gogar kafaɗa.

Ɗan yayata da ke karatu a Bochum ne ya ja ni zuwa wurin. Tun ina gida yake ce mini, "Kawu, kai da ba ka gajiya da zancen tarihi, in ka zo Jamus a watan Oktoba akwai inda zan kai ka." Shi ya sayi tikiti ta intanet tun da wuri, kuma ya yi dabara, domin a shekarar tikitin ƙarewa ya yi. A ɗakinsa na sauka. Masaukan Essen a wannan mako tsada suke yi, ga Bochum kuwa 'yan mintoci ne a jirgin ƙasa.

Sunan taron SPIEL. An fara shi a 1983, yanzu kuma shi ne baje kolin wasannin tebur mafi girma a duniya. Daga Alhamis zuwa Lahadi ake yi, kuma a 2024 mutum 204,000 ne suka shiga, masu rumfuna sun haura 900 daga ƙasashe fiye da 50. Ba kallo kawai ake yi ba. Kowace rumfa tana da tebura da kujeru, ka zauna da mutanen da ba ka taɓa gani ba, wani ma'aikaci ya koya muku wasan, ku buga, in ya yi maka ka saya. Kuma tun kafin a tambaye ni: ba caca ba ce, ba a aza ko sisi. Batun wasa da dayis kuwa malamai suna da magana a kai, wannan fagensu ne, sai dai da yawa daga cikin abin da na buga a can babu dayis a ciki sam.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne wahalar da muka sha kafin mu sami wasannin yaƙi. Essen fa garin Krupp ne, masana'antar da ta ƙera wa Jamus igwa tun ƙarni na 19, garin kwal da ƙarfe da aka yi wa ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu. Amma manyan zaurukan cike suke da wasannin noma, gina birni, kasuwanci, shimfiɗa layin dogo, kiwon tsuntsaye. Bayan 1945 Jamusawa sun juya wa wasan bindiga da tankar yaƙi baya, suka koma ƙirƙirar wasannin da ake gasa ba tare da an kashe wa kowa soja ba. Catan na Klaus Teuber, wanda ya fito a 1995, shi ne ya kai wannan salo duniya. Masu wasan yaƙi suna nan, amma a gefe, a ƙananan rumfuna, kuma akasarin akwatunan da ke jere a kantocinsu daga Amurka, Ingila, Faransa da Sifaniya aka kawo su.

Abin dariyar shi ne a Jamus ɗin aka haifi sana'ar. A 1812 wani mutumin Purushiya, ɗaya daga cikin masarautun Jamus na lokacin, Georg Leopold von Reisswitz, ya kai wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wani tebur na musamman mai ɗauke da filin daga da ake iya sauya wa fasali. Ɗansa, wanda hafsan igwa ne, ya gyara dokokin ya buga su a 1824. Ya kawo taswirar ƙasa ta gaske, ya sa ƙananan gutsattsarin dalma masu launin ja da shuɗi su tsaya a madadin rundunoni, kowane zagaye ya zama minti biyu na lokacin yaƙi, sannan ya kawo abin da ya fi komai muhimmanci, wato alƙali. Shugaban hafsoshin Purushiya na lokacin, Janar von Müffling, da ya gani sai ya ce wannan ai ba wasa ba ne, horon yaƙi ne, aka kuma ba da umarni a raba wa rundunoni. Da Purushiya ta murƙushe Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sojojin wasu ƙasashe suka shiga kwaikwayo. Daga barikin soja abin ya fito zuwa falon farar hula: H. G. Wells ya buga dokokin wasa da sojojin dalma a 1913, sannan a Amurka Charles S. Roberts ya fitar da Tactics a 1954 ya kafa kamfanin Avalon Hill, wanda ya yaɗa taswirar nan mai gidaje masu kusurwa shida da 'ya'yan kwali masu lambobi.

Wannan tsohon salo na Reisswitz na ɗanɗana shi da dare, ba a cikin baje kolin ba. In an rufe zauruka da yamma, mutane kan watsu zuwa falon otal-otal da gidajen abinci su ci gaba da wasa har tsakar dare. Wani abokin ɗan yayata ya kai mu inda wasu masu sha'awar abin suka kama ɗakuna, jar runduna a ɗaya, shuɗiya a ɗaya, alƙali da babbar taswira a tsakani. Aka ba ni mahaya dawakai na ɓangaren hagu. Ba na ganin abokan gaba, ba na ganin ma sauran rundunarmu, sai abin da idon mutanena zai iya hangowa daga inda suke tsaye, shi ma alƙali ne zai rubuto mini a 'yar takarda. In ina son magana da babban kwamandanmu, ga shi zaune ina ganin ƙeyarsa, ba ni da izinin buɗe baki. Sai na rubuta saƙo na ba alƙali, shi kuma ya lissafa tsawon lokacin da ɗan aike a kan doki zai ɗauka kafin ya isa. Na hango ƙura a bayan wani daji, na aika da labari. Kafin amsa ta dawo, ƙurar ta zama runduna guda da igwoginta, umarnin da ya iso hannuna kuma an rubuta shi ne a kan yanayin da ya riga ya wuce. Na karanta littattafan yaƙe-yaƙe da dama, na sha yi wa janar-janar dariya a zuciyata cewa ga hanya a fili sun kasa gani. Marubucin tarihi yana da taswirar duka ɓangarorin biyu a gabansa, ya kuma san ƙarshen labari. Wanda ke filin ba shi da ko ɗaya.

Washegari Juma'a sai bayan mun sauko daga masallacin Turkawa muka shiga. A hanya muka ci dona, naman nan da ake yankowa daga jikin ƙarfe mai juyawa a zuba cikin burodi. Shi ne ya riƙe ni a tafiyar, domin tsiren alade da mutanen Ruhr, yankin da Essen take, ke alfahari da shi ba namu ba ne.

A ranar na zauna a kan wani wasa mai suna Friedrich, wanda a ganina ya fi duk abin da na taɓa a can. Wani Bajamushe, Richard Sivél, ya fitar da shi a 2004, a kan Yaƙin Shekara Bakwai na 1756 zuwa 1763. Mutum ɗaya ne ke riƙe da Purushiya, sauran su riƙe Ostiriya, Rasha da Faransa, duk su taru a kansa. Babu dayis. Da kati ake faɗa, masu alamomi huɗu irin na karta, kuma an yanka taswirar gida-gida, kowane yanki da alamarsa. Janar ɗinka ba zai iya jefa kati ba sai mai alamar yankin da yake tsaye. Saboda haka kana iya riƙe da kati cike da hannu a ci ka da yaƙi, don kawai an tare ka a inda ba ka da ƙarfi. Yawan sojan da ke ƙarƙashin kowane janar a ɓoye yake, a takarda ake rubutawa. Mai Purushiya ba a ce ya ci kowa da yaƙi ba, an ce ya rayu. Daga zagaye na shida ake fara buɗe katin ƙaddara ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikinsu akwai mutuwar Sarauniya Elizabeth ta Rasha, wadda a tarihi ta faru a Janairun 1762 ta sa Rasha ta janye, ta ceci Sarkin Purushiya Frederick, wato Friedrich ɗin da wasan ya ci sunansa, yana dab da hallaka. Babu wanda ya san yaushe katin zai fito. Ni na riƙe Rasha, kuma tun daga zagaye na shida hankalina bai sake kwanciya ba, domin kowane jinkiri na iya zama ƙarshena. Matar da ta riƙe Purushiya, wata 'yar Holan mai yawan shiru, ja da baya kawai take yi, tana ba da gari tana tsira da soja. Na rage gari ɗaya in cika abin da aka ɗora mini sai Sarauniya ta mutu. Matar ta ɗago ta ce mini, "Yi haƙuri," tana murmushi.

A nan na fahimci cewa irin waɗannan wasanni ra'ayi ne a kan tarihi, an dai rubuta shi da lambobi da dokoki ne maimakon jimloli. Sivél yana cewa ne Frederick gwani ne, amma ba gwanintarsa kaɗai ta fid da shi ba, kuma maimakon ya faɗa maka, sai ya sa ka ji abin a jikinka.

To in wasa ra'ayi ne, dole a tambayi ra'ayin wa. Wannan tambaya ta same ni a wata rumfa da ke sayar da kayan kamfanin GMT na Amurka, inda aka shimfiɗa Twilight Struggle. Ananda Gupta da Jason Matthews suka ƙirƙire shi, ya fito a 2005, kuma ya daɗe a sahun gaba a wajen masu wannan sha'awa. Mutum biyu ne, Amurka da Tarayyar Sobiyet, daga 1945 zuwa 1989, a zagaye goma. Wasa ne mai daɗi ƙwarai, ba zan rage masa komai ba. Kowane kati wani abu ne da ya faru a yaƙin cacar baka, kuma sau da yawa dole ka jefa katin da zai amfani abokin gabarka, sai dai ka zaɓi lokacin da ɓarnarsa za ta yi sauƙi. Wanda ya jawo yaƙin nukiliya kuwa shi ya faɗi nan take.

Ido na ya tafi Afirka, ga Nijeriya a cikin ɗan akwatinta. An sa ta cikin ƙasashen da ake kokawa a kansu, tare da Aljeriya, Zayar, Angola da Afirka ta Kudu. Kowace ƙasa tana da lambar da ke nuna ƙarfin zamanta. Birtaniya 5, Jamus ta Yamma 4, Nijeriya 1. Kamaru 1, Sudan 1. Nijar da Chadi ko suna ba su samu ba, an haɗa su cikin akwati guda na ƙasashen Sahara. Amfanin lambar shi ne in ɗan wasa yana son yin juyin mulki a wata ƙasa, zai jefa dayis ya haɗa da ƙarfin katinsa, ya cire ninki biyu na lambar ƙasar. Ƙasa mai lamba 1 kusan kullum juyin yana cin nasara. Saurayin da ke koya mana ya ce da fara'a, Nijeriya wuri ne mai kyau na yin juyin mulki. Ɗan yayata ya dube ni, na dube shi, muka yi dariya, sannan muka gaya masa daga inda muka fito. Kunnuwansa suka yi ja.

Ban ji haushinsa ba. Ƙasar da ta ga juyin mulki biyu a 1966, wani a 1975, wani a 1983, wani a 1985, ba za ta kai ƙara don an ba ta 1 ba. Inda na saɓa da wasan shi ne wanda yake jefa dayis ɗin. A kan wannan taswira babu abin da ke motsi a Afirka sai Washington ko Mosko ta taɓa shi. Mu kuwa mun san waɗanda suka yi namu juyin, mun san rigingimun cikin gida da na cikin bariki da suka haife su. Kuma a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, Birtaniya da Tarayyar Sobiyet duk gwamnatin tarayya suka ba makamai, abin da dokokin wasan ba su da hanyar nunawa. Masu ƙirƙirarsa ba su ɓoye ba, sun faɗa cewa da gangan suka ɗauki idon manyan ƙasashen biyu. Sai dai wanda ya fito daga cikin ɗan akwatin ba zai kalli allon yadda suke kallonsa ba. Masu sana'ar ma sun fara jin wannan magana. A 2019 GMT ta janye wani wasa da ta yi niyyar bugawa a kan rabon Afirka tsakanin Turawa, bayan an yi ta sukar cewa 'yan Afirka ba su da wani matsayi a cikinsa sai na ƙasar da ake rabawa.

Ranar Asabar na bar yaƙi na koma wasannin motsa jiki, kuma a nan hukuncina gajere ne: tsere yana zama a kan tebur, ƙwallon ƙafa ba ta cika zama ba. Flamme Rouge, wasan tseren keke da wani ɗan Denmak, Asger Harding Granerud, ya fitar a 2016, cikin minti biyar aka koya mana shi. Kowa yana da mahaya biyu, kowane mahayi da katunansa masu lambobi. Ka ja huɗu ka zaɓi ɗaya a ɓoye, a buɗe tare, kuma katin da ka jefa ya tafi ke nan. Wanda ke gaba yana sarar iska sai a ƙara masa katin gajiya, wanda ya laɓe a bayan wani kuwa iska ce ke jansa kyauta. Da waɗannan 'yan dokoki sai ga ainihin tseren keke ya bayyana: kowa yana son ya ci, babu mai son ya ja gaba. Wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya laɓe a bayanmu tun daga farko, ya fito a kwanar ƙarshe ya wuce mu duka.

Amurkawa sun daɗe da gano cewa wasansu na besbol yana shiga lissafi, domin jifa ɗaya-ɗaya ake yi. Tun 1961 Strat-O-Matic ke buga wa kowane ɗan wasa na gaske katinsa daga alƙaluman kakar da ta wuce. Ƙwallon ƙafa kuwa gudana take yi, mutum 22 suna motsi lokaci guda, in ka yanka ta zagaye-zagaye sai ta mutu a hannunka. Shi ya sa masu yin wasanta suka kasu biyu. Wasu sun bar fili sun koma ofis, kamar Eleven na 2022, inda kake sayen 'yan wasa, kana neman masu tallafi, kana faɗaɗa filin kulob. Wasu kuma sun bar lissafi sun koma yatsa. Subbuteo na Ingila, wanda Peter Adolph ya fara sayarwa a 1947, da ɗan yatsa ake harbin 'yan wasa goma sha ɗaya masu zagayayyen gindi. Duk wanda ya taɓa jera marafan kwalba a kan siminti yana yaro, ya yi raga da kwalin sukari, ya san wannan wasa tun kafin ya ji sunansa.

Na Jamusawa shi ne Tipp-Kick, kuma a gidan maƙwabcin ɗan yayata na buga shi, wani dattijo ɗan fansho mai goyon bayan Schalke wanda ba ya son a ambaci Dortmund a falonsa. A 2024 wasan ya cika shekara 100, kuma har yanzu iyalin Mieg da suka fara shi a 1924 a Schwenningen ne ke yin sa. Ɗan wasa ɗaya ne na ƙarfe da gola ɗaya a kowane ɓangare. Ka danna wani maɓalli a kan ɗan wasan sai ƙafarsa ta harba. Ƙwallon ba zagayayya ba ce, tana da kusurwoyi, rabi fari rabi baƙi, kuma launin da ya kalli sama in ta tsaya shi ke nuna mai bugu na gaba. Gwanaye sun iya buga ta yadda za ta faɗi a kan launinsu. Minti biyar-biyar ake yi. Dattijon ya yi mini ruwan ƙwallaye ba tare da ya ajiye kofin shayinsa ba.

Maganar kuɗi ba daɗi. A baje kolin na 2024 wasan yaƙi mai kyau yana kai yuro 60 ko fiye, wanda a canjin lokacin ya haura naira dubu 100, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin shekarar naira 70,000 ne. Ga nauyi, kwali da katako ne zalla. Na tsaya a kan Friedrich da Flamme Rouge. Duk da haka ba a bar mu a baya gaba ɗaya ba: a Abuja akwai NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu, masu ƙera wasanni a gida, waɗanda suka sami kyautar Diana Jones, wadda ake bayarwa a fagen wasanni, a 2021.

A jirgin komawa Bochum ranar Lahadi muka yi ta gardama da ɗan yayata a kan wane yaƙin namu ne zai zauna a kan tebur. A duk rumfunan da na zaga na ga Waterloo, na ga Normandi da Stalingrad iri-iri, ban ci karo da ko akwati ɗaya a kan ƙasar Hausa ba, ko a kan dakarun Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙi a ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ya ce a yi Kano ta 1903. Na ce masa in faɗan kawai za a yi, babu wasa a ciki, domin ranar 3 ga Fabrairu igwa da bindiga mai ruwa sun gama magana cikin 'yan sa'o'i, ga Sarki Alu ma ba ya gari. In akwai wasa a 1903, yana cikin shawarar da ta fuskanci Sakkwato bayan 15 ga Maris: a ci gaba da faɗa, a zauna a yi sulhu kamar yadda Waziri Buhari ya yi, ko a yi hijira gabas kamar Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ƙare a Burmi a watan Yuli. Ni kuwa na fi karkata ga shekarun 1804 zuwa 1808, daga Tabkin Kwatto zuwa faɗuwar Alƙalawa, domin a can ƙarfi ya yi ta juyawa: nasara a Kwatto, mummunar asara a Tsuntsuwa, yunwa, damina da ke tsayar da dawaki, barade masu lifidi a gefe guda, maharba 'yan ƙasa a ɗaya gefen, ga garuruwa masu ganuwa da ba a cin su sai da dogon zama.

"To Kawu," in ji shi, "wa zai yarda ya zauna a kujerar Yunfa?"

Na ce masa a Gobir ba za a rasa ba, kuma duk wanda zai rubuta dokokin sai ya je Sabon Birni da Tsibiri ya ji nasu labarin kafin ya sa wa kowa lamba. Ya ciro takarda daga jakarsa ya fara zana gulbin Rima, yana tambayata nisan Gudu daga Alƙalawa da kwana nawa doki zai yi.